Xbox One Ɗina Ta Daina Nuna Jadawalin Talabijin, Ba Ta Kuma Tura Tasha Zuwa Waya: Lalacewa Ce Ko Cirewa Aka Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila. A farkon 2015 na sayi Xbox One, na'urar buga gem ta kamfanin Microsoft, tare da 'yar na'urar nan ta USB da ake jona wa eriya don kama tashoshin kyauta. A da ina ganin jadawalin shirye-shirye, maiɗakina kuma tana iya kallon tasha a wayarta tana kicin. Yanzu tashoshin suna fitowa a talabijin, amma jadawali ya ɓace, wayar ma ta daɗe ba ta kamawa. Lalacewa ce? In kuma cirewa aka yi, kamfani yana da hurumin ƙwace abin da na biya kuɗi na saya? Akwai gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urarka lafiyarta ƙalau, eriyarka ma haka. Kada ka kai ta wurin mai gyara, kada kuma ka goge komai ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani da fatan abin zai dawo, domin ba zai dawo ba. Microsoft ne ya cire abubuwan biyu da gangan, a lokuta daban-daban, kuma ya sanar kafin ya cire. Tura tasha zuwa waya ya tafi a 2018, jadawali kuma a watan Mayun 2021.

Kafin a gane yadda za a ƙwace wa mutum abu daga na'urar da ke ajiye a falonsa, sai an san hanyar da hoton yake bi. Tashar da ke yawo a iska kyauta ce, eriya ta kama ta, 'yar na'urar USB ɗin ta zaɓi zangon da ake so ta miƙa wa Xbox. Iya nan babu hannun kowa sai naka da na gidan talabijin. Amma daga nan zuwa idonka, komai manhaja ce ke yin sa, wadda ake kira OneGuide, kuma ita ba a hannunka take ba. Ka tuna ranar da ka fara saita ta, sai da ta tambaye ka lambar unguwarku ta gidan waya. Dalili shi ne jadawalin ba daga eriya take ɗauko shi ba, ta intanet yake zuwa daga manyan kwamfutocin Microsoft. Ranar da suka rufe wancan ɓangaren, allon naka ya koma fayau. Ita kuwa waya, manhajar Xbox da ke cikinta ce take karɓar hoton, kuma manhajar waya kullum sabunta ta ake yi. Sabuntawa ɗaya ta isa a zare maɓallin kallon talabijin daga cikinta.

Ban ga laifinka ba ko kaɗan da ka saye ta don wannan aikin, domin a haka aka tallata ta. Ranar 21 ga Mayun 2013 da aka fara nuna wa duniya Xbox One, shugaban sashen na lokacin, Don Mattrick, da mutanensa sun fi ɓata lokaci a kan talabijin da wasannin motsa jiki fiye da gem ɗin kansa, har masu gem suka fusata. Sunanta ma daga nan ya samo asali: na'ura ɗaya da za ta riƙe duk abin da ke falo. Shi ya sa aka yi mata ƙofar HDMI ta shiga a bayanta, wadda ake jona wa dikoda, aka kuma haɗa ta dole da kyamarar Kinect don mutum ya canza tasha da murya. Ta fito kasuwa a Nuwamban 2013 a kan dala 499, alhali PlayStation 4 da ta riga ta da mako guda a Amurka dala 399 ce. A Oktoban 2014 aka fitar da 'yar na'urar kama tasha irin taka a Birtaniya, Faransa, Jamus, Italiya da Sifaniya, a kan fam 24.99 a can wajenku. A 2015 kamfanin Hauppauge ya yi wa Amurka da Kanada tasu a kan dala 59.99. Cikin abin da aka yi tallarta da shi akwai dakatar da shiri na tsawon minti 30 ka dawo ka ci gaba, akwai jadawali, akwai kuma tura tasha zuwa waya ko kwamfuta a cikin gida. Ba kyauta aka ɗora maka daga baya ba, su ne dalilin sayen.

Abin da ya faru shi ne lissafin kasuwar bai ci ba. Mattrick ya bar kamfanin a Yulin 2013, tun kafin na'urar ta fito. A Maris ɗin 2014 aka ba Phil Spencer ragamar Xbox, shi kuma ya juya akalar zuwa gem zalla. A watan Yunin shekarar aka raba ta da Kinect aka sauke farashi zuwa dala 399, sannan aka rufe sashen da aka kafa don shirya shirye-shiryen talabijin. Duk da haka ba ta kamo abokiyar hamayyarta ba. A 2022 Microsoft da kansa ya shaida wa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Brazil cewa PlayStation 4 ta ninka Xbox One a ciniki har da ɗoriya. Wato lokacin da ka shiga shago a 2015, kamfanin ya riga ya fara juya wa talabijin baya a cikin gida, ko da yake kwalin da ke kan kanta bai faɗa maka haka ba.

Wanda ya fi ci mini rai a duk labarin nan shi ne batun naɗar shirye-shirye. A Agustan 2015, a bajekolin Gamescom da ake yi a birnin Kolon na Jamus, Microsoft ya tsaya gaban jama'a ya ce a 2016 masu wannan 'yar na'ura za su iya naɗar shirin talabijin a ma'ajiyar waje da aka jona wa Xbox, ba tare da biyan kuɗin wata-wata ba, har su sauke shi a kwamfuta su kalla a hanya. Mutane sun sayi na'urar saboda wannan magana, wasu har da ma'ajiyar. Da watan Yunin 2016 ya zo sai aka ce an jingine aikin don a mayar da hankali kan abubuwan da masu gem suka fi nema. Daga jinginewar nan ba a sake ɗauko shi ba. Alkawari kaya ne, kuma wannan an ɗauke shi a bainar jama'a, an karɓi kuɗin mutane a kansa, an ajiye ba tare da mayar wa kowa ko kwabo ba.

Daga nan sai aka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. A farkon 2017 aka cire tsarin Snap, wanda ke ba ka damar buga gem ƙwallo kuma tana tafiya a gefen allo. Kamfanin ya ce yana so ya rage wa na'urar nauyi ta ƙara sauri. A Oktoban shekarar aka daina ƙera Kinect. A 2018 aka aika wa masu tura tasha zuwa waya saƙo cewa saura kwana 30 manhajar Xbox ta iOS da Android da Windows 10 ta daina wannan aiki. A Nuwamban 2020 Xbox Series X da S suka fito babu ƙofar HDMI ta shiga, kuma ba sa aiki da 'yar na'urar eriya. Sai jadawali ya bi baya a Mayun 2021, aka bar kallon tashar kawai, wanda shi ne kake gani yanzu.

Ba duka nake yi wa hukunci ɗaya ba. Jadawali yana cin kuɗi da gaske. Bayanan wane shiri ne a wace tasha a wane lokaci, ga hotuna da taƙaitaccen bayani, a ƙasashe da yawa da harsuna da yawa, saye ake yi daga kamfanonin da sana'arsu ke nan, kuma kowace shekara sai an biya. In masu amfani sun ragu, na fahimci mai lissafi ya ce a rufe. Sai dai akwai mafitar da ba ta buƙatar wannan kuɗi, kuma duk mai aikin eriya ya san ta. Tsarin watsa talabijin na dijital da ake amfani da shi a Turai yana ɗauke da jadawali a cikin siginar kanta. Tashoshin Freeview, wato tashoshin kyauta na Birtaniya da ake kamawa da eriya, suna watsa jadawalin kusan mako guda a iska, shi ya sa talabijin mafi araha da ba ta taɓa ganin intanet ba take nuna maka abin da za a yi gobe da dare. Bayanan nan suna shigowa ta wayar eriyarka har cikin Xbox a kowane daƙiƙa. Da an so, da an yi sabuntawa ta ƙarshe wadda za ta sa OneGuide ta karanta su kafin a rufe na intanet. Ba a yi ba.

Tura tasha zuwa waya kuwa ya fi wuyar karewa. Hoton da maiɗakinka take kallo a kicin ba ya fita daga gidanku. Daga eriya zuwa Xbox, daga Xbox zuwa rauta, daga rauta zuwa wayarta. Babu kwamfutar kamfani da ke ɗaukar nauyinsa, babu kuɗin layi da ake biya a kansa. Abin da kawai yake ci shi ne lokacin injiniyoyin da za su riƙa kula da wannan sashe na manhajar duk lokacin da Apple ko Google suka canza wani abu. Wannan kuɗi ne, ban musa ba, amma kuɗi ne da ya kamata a sa cikin lissafi tun ranar da aka rubuta abin a jikin kwali aka sayar. A ganina cire shi bayan shekara huɗu kacal da fitowar na'urar rashin adalci ne ga wanda ya saya.

Akwai kuma asarar da ba a ɗora wa kowa. Tsohuwar Game Gear ta kamfanin Sega tana da na'urar kama tasha da ake cusa mata ta baya, amma ta tsohon tsarin analog ce. Da Amurka ta kashe manyan tashoshin analog a Yunin 2009, sai ta rasa abin kamawa. PlayTV da Sony ya fitar wa PlayStation 3 a Turai a 2008 tana kamawa tana naɗa, sai dai an ƙera ta kafin sabon tsarin watsa talabijin na dijital mai suna DVB-T2 ya kankama, don haka ba ta iya kama tashoshin Freeview masu hoto garau da suka zo daga baya. A nan iskar ce ta canza, ba wani ne ya shigo ya kashe maɓalli ba. Naka ba irin wannan ba ne. Siginar da ka kama a 2015 tana nan, na'urarka na jin ta sarai. Naka ya fi kama da Nintendo TVii, hidimar jadawalin talabijin ta na'urar gem ɗin Wii U, wadda aka buɗe a Amurka a Disamban 2012 aka rufe a Agustan 2015, a Turai kuwa an yi alkawarinta amma ba a taɓa buɗewa ba.

To, suna da hurumi? A takarda, sun tanadar wa kansu. Akwatin da wayoyinsa naka ne, amma manhajar da ke motsa shi izinin amfani aka ba ka, kuma cikin dogon sharaɗin da kowa ke danna amincewa ba tare da karantawa ba akwai cewa za su iya sabuntawa, su canza, ko su daina wani sashe. Kayan aro ba ya rufe katara, sai dai a nan ba a gaya wa mai saye cewa aro ne ba sai da aka zo karɓa.

An taɓa kai irin wannan magana kotu, kuma yana da kyau ka san yadda ta ƙare. PlayStation 3 ta farko tana da damar a ɗora mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a yi aiki da ita kamar kwamfuta. Jami'o'i sun yi amfani da wannan, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar kwamfutar bincike da su. Ranar 1 ga Afrilun 2010 Sony ya fitar da sabuntawa mai lamba 3.21 da ta cire damar, bisa dalilin tsaro. An ce wai zaɓi ne, amma wanda ya ƙi sabuntawa ya rasa shiga PlayStation Network da buga sababbin gem. Masu saye a Amurka suka haɗu suka shigar da ƙara. A 2011 alƙali ya kore ta, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da wani sashe nata, sai a 2018 aka kammala sulhu a kan dala miliyan 3.75. Bayan an cire kuɗin lauyoyi an raba, abin da ya isa hannun kowane mai ƙorafi bai wuce dala 10 da 'yan kai ba, bayan shekara takwas, kuma damar ba ta dawo ba. Wannan ita ce shari'ar da aka fi ambata a matsayin nasarar masu saye.

A Ingila haƙƙinka a kan wanda ya sayar maka yake, wato shagon, kuma dole kaya su dace da yadda aka siffanta su. Amma wa'adin shigar da ƙara kan ciniki shekara 6 ne, kai kuma cinikinka na 2015 ne. Ba zan ba ka shawarar ka kashe kuɗi ko lokaci a wannan hanyar ba. Dokoki dai sun fara motsi bayan an sha irin wannan. A Tarayyar Turai, tun daga Janairun 2022, kamfanin da zai canza manhaja ko hidimar dijital da yake ci gaba da bayarwa sai yana da dalili karɓaɓɓe da aka ambata a yarjejeniya, sai ya sanar a fili, kuma in canjin ya cutar da mai amfani cutarwa mai nauyi, yana da kwana 30 ya warware yarjejeniyar ba tare da tara ba. Birtaniya ta fita daga Tarayyar kafin nan, don haka bai shafe ka ba. Jihar Kalifoniya ma daga Janairun 2025 ta wajabta wa masu sayar da fim da gem ta intanet su bayyana cewa izini ne mutum yake biya wa kuɗi, ba mallaka ba. Wannan ya rage rufa-rufa, amma bai hana cirewa ba.

Yanzu ga abin da za ka yi, kuma ba mai tsada ba ne. Jadawali shi ne mafi sauƙi: zare wayar eriya daga 'yar na'urar ka cusa ta kai tsaye a bayan talabijin ɗinka. Kusan duk talabijin da aka sayar a Birtaniya a shekarun nan tana da na'urar Freeview a cikinta. Ka sa ta nemi tashoshi, ka danna maɓallin jadawali a rimot, za ka ga na mako guda. Da yawansu ma in ka jona musu ma'ajiya ta USB suna naɗar shiri, abin da aka yi maka alkawari a 2015 ba a cika ba.

Kallon waya kuma yana buƙatar na'urar kama tasha wadda ake jonawa da rauta maimakon Xbox. Wadda aka fi sani ita ce HDHomeRun ta kamfanin SiliconDust. Eriya ta shiga ta gefe ɗaya, wayar intanet ta fita zuwa rauta ta ɗaya gefen, daga nan duk waya da kwamfuta da ke gidan za su iya kallo, har Xbox ɗin ma tana da manhajarta. Ka tabbata ka ɗauki samfurin Turai mai DVB-T2. Zan gaya maka gaskiya, ita ma jadawalinta ta intanet yake zuwa daga kamfaninta, naɗar shiri da manhajarsu kuma sai da biyan kuɗi. Abin da ya sa duk da haka nake yaba ta shi ne hoton da take fitarwa a buɗe yake, manhaja irin VLC tana buɗe shi kai tsaye. Ko kamfanin ya rufe gobe, akwatin zai ci gaba da ba da tasha. Wannan ita ce tambayar da nake so ka riƙa yi wa duk na'urar da za ka saya saboda wani aiki guda: in an zare intanet, ko kamfanin ya canza ra'ayi, aikin zai tsaya?

In kana da hannu a harkar kwamfuta, kada ka jefar da 'yar na'urarka ta USB. Linux ta daɗe da gane ta. Ka samu ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ka ɗora mata manhajar Tvheadend wadda kyauta ce, ka cusa na'urar. Za ta karanta jadawali daga iska, ta naɗi shiri, ta tura wa wayoyin gida. Saitin farko yana ɗan cin lokaci, kuma tasha daga zango ɗaya kawai za ta iya kamawa a lokaci guda, amma duk abin da ka rasa zai dawo da kayan da ka riga ka mallaka. Ta kowace hanya ka bi, lasisin talabijin na Birtaniya yana kan duk wanda ke kallon tasha kai tsaye, ko a waya ne.

Tun da 'yan'uwa a gida suna karanta wannan, kuma Xbox One ta hannu tana shigowa kasuwanninmu wani lokaci har da tarkacenta a kwali, bari in ƙara kalma biyu. Idan aka haɗa maka da 'yar na'urar Hauppauge ta Amurka, kada ka ƙara ko naira ɗaya saboda ita. Tsarin watsa talabijin na Amurka mai suna ATSC take ji, alhali Najeriya da Nijar da Ghana DVB-T2 suka ɗauka. Najeriya ta fara gwajin nata a Jos a Afrilun 2016. Ta Turai ta dace da tsarin namu, amma tashoshin GOtv da StarTimes a kulle suke, sai da dikodarsu, ita kuma 'yar na'urar ba ta da hanyar buɗe su. Abin da zai yi maka amfani shi ne ƙofar HDMI ta shiga da ke bayan Xbox One, har da samfurin S da X: ka jona dikodarka a nan, hoton zai fito ta cikin OneGuide, ka riƙa canza tasha da rimot ɗin dikodar. Wannan yana taimakon wanda talabijin ɗinsa ƙofar HDMI ɗaya gare ta, sai dai ka tuna dole Xbox ɗin ta kasance a kunne muddin ana kallo, kuma in gidan a kan sola ko inbata yake, wutar da take ja ba kaɗan ba ce.